ASIBITIN DA KE WARKARWA A CIKI, YANA CUTARWA A WAJE



Ranar Asabar da ta gabata bayan sallar La'asar, a zaman ƙara wa juna sani na matasa da aka yi a Zariya, wani ɗan'uwa likita wanda ya shafe shekaru yana aikin sa majinyata barci a ɗakin tiyata ya gabatar da jawabi a kan asibiti da muhalli, da abin da ake nufi idan aka ce a tafiyar da asibiti ba tare da ya ƙara wa duniya zafi ba. Ga yadda jawabin ya gudana.

Bayan ya yi wa Allah (T) godiya, ya yi salati ga Manzon tsira (S) da iyalan gidansa tsarkaka da sahabbansa managarta, likitan ya fara da cewa ya san akwai 'yan uwan da tun da suka ji maudu'in suka ce a ransu wannan ai zancen ƙoshi ne, zancen waɗanda suka ci suka sha suka rasa abin damuwa. Mu da ake yi wa matanmu tiyata da tocilar waya, ina mu ina zancen hayaƙin da ke sararin sama? Ya ce wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma kada wanda ya yar da ita, a riƙe ta har a zo wurinta. Amma kafin nan sai a fara sanin me mutanen suke faɗa, domin ba a yi wa magana raddi ko a karɓe ta ba tare da an fahimce ta ba.

ME SUKE NUFI?

Ya yi bayanin cewa duk lokacin da aka ƙona fetur, ko dizal, ko gawayin ƙasa, ko iskar gas, akwai wata iska da ake kira kabon da take tashi. Ba a ganin ta, ba ta da wari, amma tana taruwa a sama tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe zafin jiki. Wannan shi ne asalin ɗumamar yanayi. Shi kuwa asibiti gida ne da ba ya barci. Dare da rana wuta a kunne, na'urori suna aiki, ana dafa ruwa, ana wanki, ana turara kayan aiki, motoci suna shiga suna fita. Kowane sirinji, kowace ledar ƙarin ruwa, kowace ƙwayar magani, sai da wata masana'anta ta ƙona makamashi ta ƙera ta, jirgi ya ɗauko ta ya keta teku da ita.

Ya ce a shekarar 2019 wata ƙungiya mai suna Health Care Without Harm ta fitar da lissafin cewa harkar kiwon lafiya ita ke da kashi 4.4 cikin ɗari na irin wannan iska da duniya ke fitarwa. Da a ce asibitocin duniya da masana'antun da ke yi masu hidima ƙasa ɗaya ce, da ita ce ta biyar a wannan ɓarna. Kashi 71 cikin ɗari na wannan adadi daga ƙera kaya da jigilarsu da zubar da su yake fitowa, ba daga cikin harabar asibitin ba. Sannan, in ji shi, ga abin da ya kamata kowane ɗan'uwa ya rubuta a takardarsa: Amurka da Sin da Tarayyar Turai su kaɗai suke da kashi 56 na wannan lissafi, kuma idan aka raba a kan kowane mutum, abin da harkar lafiyar Amurka ke fitarwa ya ninka na Indiya sau 57.

To ganin haka ne hukumar lafiya ta Ingila, wadda ake kira NHS, ta shelanta a watan Oktoban 2020 cewa nan da shekarar 2040 za ta kai ga matsayin da abin da take fitarwa da kanta zai koma sifiri a lissafi, wanda kuma take jawowa ta hanyar sayayya nan da 2045. Ita ce hukumar lafiya ta ƙasa ta farko da ta ɗauki irin wannan alkawari.

ABIN DA AKE GANI A ƊAKIN TIYATA

Da ya zo kan fannin da ya ƙware a kai, likitan ya ɗan tsawaita, yana mai cewa a nan ne mutum zai ga ma'anar israfi da idonsa. Ya ce iskar da ake shaƙa wa majinyaci domin ya yi barci a yi masa aiki, jiki ba ya cinye ta. Kusan yadda ta shiga haka take fitowa, bututu ya kwashe ta ya watsa a sama. Akwai iri-iri. Akwai wata mai suna desfuluren, wadda ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na iskar kabon kusan sau 2,500, har hukumar lafiyar Ingila ta ƙiyasta cewa kwalba ɗaya tata daidai take da ƙona kilo 440 na gawayin ƙasa. Alhali kuwa akwai 'yar uwarta mai suna sebofuluren da take yin aikin, ɓarnarta kuma ba ta kai ɗaya bisa goma na waccan ba. Me ya sa ake amfani da mai tsadar mai ɓarnar? Domin wai majinyaci yana riga farkawa da 'yan mintoci. Ya ce a watan Maris na 2023 Sikotland ta zama ƙasa ta farko da ta daina amfani da ita, Ingila ta bi sahu, Tarayyar Turai kuma a dokar da ta yi a 2024 ta sa ranar 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar hana ta, sai fa inda lalura ta tilasta.

Abin da ya fi wannan ban mamaki, in ji shi, shi ne labarin wata iskar rage zafin ciwo mai suna naitiros, wadda ake tura wa ɗakunan tiyata ta bututun da aka binne a bango. Da wasu ma'aikata a Sikotland suka zauna suka auna abin da ake saye da abin da ake bai wa majinyata, sai suka tarar a asibitoci da dama fiye da kashi 80 cikin ɗari yoyo yake yi ta mahaɗar bututu, bai taɓa isa hancin kowa ba. Shekara da shekaru ana biyan kuɗi, ana cika tukwane, iska tana tsiyaya, ba wanda ya tambaya. Ita kuwa wannan iska tana wuce shekara ɗari a sama. Maganin abin bai buƙaci wata sabuwar na'ura ba, rufe bututun aka yi aka koma ƙananan tukwane da ake kai wa gefen gado.

Ya kawo misalin safar hannu. A wani babban asibitin yara da ke Landan mai suna Great Ormond Street, a shekarar 2018 an wayar wa ma'aikata kai cewa ba kowane aiki ne yake buƙatar safar roba ba, wanke hannu ya fi, domin mai safa yakan ɗauka hannunsa tsarkakakke ne ya taɓa nan ya taɓa can. A cikin kusan shekara ɗaya suka rage safa fiye da miliyan uku, wato tan 21 na roba. Nan likitan ya yi murmushi ya ce, mutumin da yake alwala sau biyar a yini bai kamata a ce sai an zo daga Landan an koya masa darajar wanke hannu ba.

Amma misalin da ya ce ya fi so shi ne na asibitocin ido na Aravind da ke kudancin Indiya, inda ake yi wa dubban talakawa aikin yanar ido, da yawansu kyauta. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna aikin ido ɗaya a can yana haifar da kimanin kilo 6 na iskar kabon, alhali irin wannan aikin a Birtaniya yana haifar da kimanin kilo 180. Sakamakon aikin kuma bai gaza na Turai ba. Sirrin shi ne suna wanke kayan aiki su turara su, su sake amfani da su bisa ƙa'ida, maimakon a buɗe sabo a yar kowane majinyaci. "Ku lura da kyau 'yan uwa," in ji shi, "wanda ya yi tattali da ilimi ya warkar da ido, wanda ya yi almubazzaranci ma ido ɗaya ya warkar. Bambancin sau talatin ɗin nan duk a bola ya ƙare."

Ya ce duk da haka kada wani ya ɗauka duk wanda ya ce asibitinsa ya kai sifiri gaskiya ya faɗa. Akwai wata dabara da suke yi ta sayen haƙƙin hayaƙi. Kamfani ko asibiti ya ci gaba da ƙona abin da yake ƙonawa, sai ya biya kuɗi a ce an dasa itatuwa ko an killace wani daji a Afirka ko Kudancin Amurka da sunansa, a rubuta a takarda cewa ya biya bashinsa. Sau da yawa manomi ko makiyayin da ke wurin shi ake hana shiga dajin kakanninsa. Ya ce wannan kamar mutum ne ya ci gaba da zuba najasa a rijiyar unguwa, yana cewa ai ya haƙa wata a wani gari. Nahiyar Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya. Don haka idan mai girman kai ya zo yana yi wa raunana wa'azin tattali, a tambaye shi wa ya fara ɓarnar.

TO INA MU A CIKI?

Daga nan sai ya komo kan tambayar da ya ce a riƙe. Ya ce rashin hannunmu a ɓarnar bai hana ta iso ƙofar asibitinmu ba. A farkon watan Afrilun 2024, ana cikin azumin Ramadan na 1445, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A asibitin Gabriel Toure da ke Bamako an ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗu na farkon watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabace ta duka mutum 130 ne. Yawancinsu tsofaffi, ga kuma ɗaukewar wuta da ta hana ko fanka juyawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A watan Satumban wannan shekarar kuma, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga asibitin koyarwa na jami'ar garin ya lalata na'urori masu tsada, a daidai lokacin da jama'a suka fi buƙatar asibitin. Ya ce a nan ba za a ɗora wa sama laifi ita kaɗai ba, akwai sakacin mahukunta wajen gyaran madatsar, amma darasin ga mai gina asibiti a fili yake: ina ka ajiye janareto, ina ka ajiye magani, idan ruwa ya zo me zai fara ci?

Sai ya shiga zancen wuta. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu suka fitar a Janairun 2023 ya ce kusan mutum biliyan ɗaya ne suke zuwa asibitocin da ko dai ba su da wuta sam, ko kuma wutar ba abin dogaro ba ce. A Afirka kudu da Sahara, fiye da ɗaya cikin goma na wuraren shan magani ba su da wuta ko kaɗan, rabinsu kuma wutar tasu ta jeka-ka-dawo ce. Ya ce wannan ba sai an karanta wa kowa a rahoto ba. Shi da kansa, a wani asibiti da bai ambaci sunansa ba, ya taɓa tsayawa yana matsa jakar numfashi da hannu sama da minti ashirin a cikin duhu, majinyaciya a kwance an buɗe cikinta, ana neman wanda ke riƙe da makullin ɗakin janareto. Allah Ya yi da sauran kwananta.

Ya tunatar da 'yan uwa cewa a nan Zariya, a shekarar 2008, wata likitar mata Ba'amurkiya mai suna Laura Stachel ta zo wani asibitin gwamnati tana binciken dalilin yawan mutuwar mata wajen haihuwa. Abin da ta gani shi ne ungozomomi suna karɓar haihuwa da fitilar ƙwai, ana fasa tiyata saboda duhu, ba firjin ajiye jini. Ta rubuta wa mijinta, Hal Aronson, wanda ya san aikin wutar sola, ya tsara masu wuta mai aiki da hasken rana, daga nan kuma aka samo ɗan akwatin sola da yanzu ake amfani da shi a dubban ɗakunan haihuwa a ƙasashe da dama. Likitan ya ce a gode wa duk wanda ya yi alheri, amma abin kunya ne a ce ranar da take ƙona mu tun muna yara, sai da baƙuwa ta zo daga wata nahiya ta nuna cewa za ta iya haska ɗakin haihuwa.

Manyan asibitocin ma ba su tsira ba. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin da ake kira Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane ma'auni, dizal kuma a ƙarshen 2023 ya riga ya haura naira dubu lita. A ƙarshen Oktoban 2024 kamfanin raba wuta ya yanke wa asibitin koyarwa na Ibadan wuta saboda bashi, aka shafe fiye da kwana ɗari a haka, 'yan jinya suna zuwa da fitilu da fankokin caji daga gida. Sannan ya ce kowa ya tuna Gaza. A Nuwamban 2023 da Yahudawan sahayoniya suka hana mai shiga, janareton asibitin Shifa ya tsaya, aka fito da jarirai bakwaini daga kwalba aka jera su a gado ɗaya ana nannaɗe su domin su ji ɗumi. Asibitin da ransa ke rataye a tankar dizal, duk wanda ya tare hanya ya riƙe maƙogwaronsa.

A nan ne, in ji shi, zancensu da namu suka haɗu. Su suna son sola domin su rage hayaƙi, mu muna son ta domin kada mace ta mutu a duhu, kada allurar rigakafi ta lalace a firji, kada na'urar oksijin ta tsaya yaro mai ciwon haƙarƙari yana kanta. Kuma ko janareton da ake taƙama da shi, a dubi inda ake girke shi: sau da yawa a bayan tagar ɗakin masu jinya, mai asma da mai tarin fuka suna kwana suna shaƙar hayaƙinsa, ƙararsa ta hana su runtsawa.

Sai dai ya yi gargaɗi cewa sola ba tsafi ba ce. Ya ce duk wanda ke yawo a ƙauyuka ya ga farantan sola a kan rufin ɗakin shan magani, an ɗauki hoto ranar buɗewa, an ci kwangila, bayan shekara biyu batir ya mutu ba wanda ya waiwaya. Ƙurar hunturu kaɗai takan rage wa faranti ƙarfi sosai idan ba a goge shi. Mataccen batirin kuma wata fitina ce, domin dalma ce a cikinsa. A shekarar 2008 a wata unguwa da ke gefen birnin Dakar na Senegal yara 18 suka mutu saboda gubar dalma, sanadin fasa tsofaffin batura da ake yi a cikin gidaje. Mutanen Zamfara kuma sun san abin da dalma ta yi wa 'ya'yansu a 2010, duk da cewa tasu daga dutsen zinare ta fito.

BAYAN KATANGA

Likitan ya ce yanzu zai zo kan abin da ya fi ci masa rai, wanda kuma ba Bature ne ya jawo mana shi ba. Ya nemi kowane ɗan'uwa, idan ya je dubiya, ya daure ya zaga bayan asibitin ya ga bolarsa. Zai ga sirinji da allurarsa, audugar jini, ledar ƙarin ruwa, kwalaben magani, duk a haɗe da ɓawon lemo da ledar ruwa. Zai ga awaki suna kiwo a kai. Zai ga yara 'yan bola jari, wasu almajirai ne ba takalmi, suna tonawa da hannu. Zai ga wani yaro ya tsinci sirinji yana wasan fesa ruwa da shi.

Ya ce bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti shara ce irin ta gida, ba ta da haɗari. Kashi 15 ne mai cutarwa. Amma da zarar an zuba su a kwando ɗaya, duka ɗarin sun zama masu cutarwa, kamar yadda ɗigon najasa ke ɓata tulu. Allurar da aka yi wa mai ciwon hanta nau'in B, idan ta soki wanda ba shi da rigakafi, yiwuwar ya kamu tana kaiwa kashi 30 cikin ɗari. Ta mai nau'in C kusan kashi 2, ta mai ƙanjamau kashi 0.3. Hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai allurai marasa tsabta sun jawo wa mutum miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B. Shi kuwa wannan ciwo shiru yake yi shekara ashirin, sai saurayi ya yi aure ya fara tara iyali ciki ya kumbura, a ce sammu ne.

Abin da aka saba yi, in ji shi, shi ne idan bola ta taru a watsa mata kalanzir a cinna wuta. Mai yin haka yana ganin tsabta ya yi. Alhali irin robar da ake yin ledar jini da bututun ƙarin ruwa da ita, idan ta ƙone a ƙaramar wuta tana fitar da wata guba mai suna dayoksin, wadda take sauka a ƙasa da ciyawa, ta shiga kitsen dabba da nono da ƙwai, ta zauna a jikin mutum shekaru, kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Sai wutar da ta kai digiri 850 zuwa sama, a murhun da aka gina don haka, take hana wannan. Wa ke shaƙar hayaƙin bolar? Maƙwabta, da masu jinyar da ke kwance, da mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa. Haka nan tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi, zaiba ce a cikinsa, idan ya fashe tururinta guba ne ga ƙwaƙwalwa. Saboda irin wannan aka yi yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda ta ɗauki sunan garin Japan da zaiba ta nakasa mutanensa, Nijeriya kuma ta amince da ita a 2018.

Ya ce malaman fiƙihu sun gina babi-babi a kan ƙa'idar hana cuta da cutarwa, kuma Alƙur'ani mai girma ya yi hani ga ɓarna a bayan ƙasa, ya yi hani ga israfi, har an ruwaito cewa Manzon Allah (S) ya hana wani sahabi ɓarnar ruwan alwala ko da a bakin kogi yake. Idan kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce, to mene ne hukuncin wanda ya zubar da allura mai jini a hanyar yara? Maganin kuma ba ya buƙatar taron ƙasa da ƙasa. Kwando baƙi na sharar gida, kwando rawaya na abin da ya taɓa jini, kwalin allura mai ƙaramin baki wanda hannu ba ya shiga, a rufe shi idan ya kusa cika. Abin da za a iya turarawa a tukunyar tururi a kashe ƙwayoyinsa a turara kafin a fitar. Abin da aka yanke daga jikin ɗan Adam a binne shi da mutunci a rami mai murfi, kamar yadda shari'a ta koyar. Ya ƙara da cewa mai sharar asibiti, wanda albashinsa ya fi na kowa ƙanƙanta, shi ya fi kowa haƙƙin a ba shi takalmin roba da safa mai kauri da rigakafin ciwon hanta, amma shi ne ba a ko sanin sunansa.

TAGA DA WAƘAFI

Kafin ya kammala ya taɓo zancen gini a gurguje. An ruwaito cewa da aka nemi likita Abubakar ar-Razi ya zaɓi wurin gina asibiti a Bagadaza, sai ya sa aka rataya nama a unguwanni daban-daban, inda ya fi daɗewa bai ruɓe ba ya ce nan iska ta fi kyau. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da fili a tsakiya da ruwa mai gudana, kuma waƙafi ne yake ɗauke da shi, ba a karɓar ko kwabo daga majinyaci. A zamaninmu kuma, wani bincike da aka yi a asibitocin Lima ta ƙasar Peru aka buga a 2007 ya gano cewa tsofaffin ɗakuna masu dogon rufi da manyan tagogi iskarsu tana sauyawa kusan sau 40 a awa idan an buɗe ƙofa da taga, alhali ɗakin da ake ja wa iska da na'ura sau 12 ake nema daga gare shi. Ga ƙasar da tarin fuka ya yi yawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma mu sai a gina akwatin siminti da gilashin da ba ya buɗuwa, a maƙala na'urar sanyi, a sare darbejiyar da ke harabar domin a yi wurin ajiye mota, wuta ta ɗauke ɗaki ya koma tanda.

A lokacin tambayoyi wani matashi ya miƙe ya ce, Malam likita, mu ba ma'aikatan asibiti ba ne, ba mu da mulki, ba mu da kuɗi, me ake so mu yi? Likitan ya amsa da cewa kada ya raina kansa. Ya tambayi masu aikin wayarin da gyaran rediyo da ke wurin su ɗaga hannu, mutum bakwai suka ɗaga. Ya ce to ga masu koyon haɗa sola da gyaranta nan, kuma kowace da'ira ta duba ɗakin shan maganin da ke kusa da ita, ta nemi izinin mai kula da shi, a sa 'yan uwa biyu su riƙa goge farantan duk mako da duba batir. Masu hali a nuna masu cewa wutar ɗakin haihuwa waƙafi ce mai gudana kamar rijiya, da sharaɗin a ware kuɗin canjin batir tun ranar farko. Masu kemis a cikin 'yan uwa su fara da kansu, kowa ya ajiye kwalin allura, ya daina tura yaro ya zubar a kwata. Wanda kuma ba shi da ciwon da ke buƙatar allura ya daina matsa wa likita sai an yi masa, domin ƙwayar da za ta yi aikin ta fi sauƙi, ba ta kuma barin tsinke a bola.

Wani kuma ya tambaya ko halal ne a sake amfani da sirinji idan an dafa shi, tunda an yabi mutanen Indiya da sake amfani da kaya. Likitan ya ce a'a, kada a haɗa. Ƙarafan tiyata da yadin da aka yi don a wanke a turara su ne ake maimaitawa, a tukunyar da aka auna zafinta. Sirinjin roba da allurarsa sau ɗaya ne ga mutum ɗaya, kuma duk wanda za a yi wa allura yana da haƙƙin ya ce a ɓare ledar a gabansa.

Aka tsayar da cewa masu aikin wayarin bakwai ɗin za su haɗu da likitan ranar Lahadi mai zuwa bayan sallar Azahar domin a duba ɗakin haihuwa na farko. Daga nan aka rufe zaman da addu'a, aka tashi gab da kiran sallar Magariba.